Yaya Likita Ke Gane Ana Cutar Da Tsoho A Gida, Kuma Ina Iyakar Ganewarsa?

Darasin wannan fitowa ya ɗan kauce daga maganar awo da shirin haihuwa, ya koma kan waɗanda za su riƙe miki jariri ranar da kika sauka lafiya, wato uwar miji, da kakar yara, da gwaggon da za ta zo zaman jego, har da dattijon da ke kwance a ɗakin soro. A gidaje da yawa na Fagge da Sabon Gari, matar da ke zuwa awo ita ce mai dafa wa tsohuwa abinci, ita ce mai ba ta magani, ita ce mai wanke mata kayan sawa. Idan wani abu ya sami tsohuwar, ita ta fi kowa sanin yadda aka yi, ita kuma ake fara yi wa kallon tuhuma. Don haka ya dace ta san yadda ma'aikatan lafiya ke bincika irin wannan lamari, da abin da binciken ke iya ganowa, da abin da ke kuɓuce masa.

Me ake nufi da cutar da tsoho?

A shekarar 2002, a wata sanarwa da aka fitar a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ma'anar da ake amfani da ita har yau. A taƙaice, cutar da tsoho shi ne duk wani aiki, ko sau ɗaya aka yi shi ko ana maimaitawa, ko kuma ƙin yin abin da ya kamata, wanda ya jawo wa tsoho rauni ko ƙunci, kuma ya fito daga wanda tsohon ya amince da shi. A lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Ɓarawon da ya fizge wa tsohuwa jaka a bakin Kantin Kwari ya yi laifi, amma ba shi ake nufi ba. Ana nufin ɗa, da 'ya, da suruka, da jika, da mai aikin gida, da duk wanda aka damƙa wa amanar kulawa.

Da an ce cutarwa, duka ne ke fara zuwa zuciyar mutane, alhali duka yana cikin mafi ƙaranci. A 2017 wasu masana sun tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, suka gano cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune cikin jama'a an cutar da shi a cikin shekara ɗaya da ta gabata. Muzantawa da zagi da barazana ne suka fi yawa, kashi 11.6 cikin ɗari. Cinye dukiya ya biyo baya da kashi 6.8, sai sakaci da kulawa kashi 4.2, duka da makamantansa kashi 2.6, cin zarafi ta hanyar lalata kashi 0.9. A nan gida Nijeriya, wani bincike da aka wallafa a 2012 kan tsofaffin mata a Jihar Oyo ya sami kimanin kashi 30 cikin ɗari da suka fuskanci wani nau'i na cutarwa.

Lamarin kuwa ya wuce ɓacin rai. A birnin New Haven na Amurka an bi diddigin tsofaffi 2,812 har tsawon shekara 13. A ƙarshen wannan lokaci, kashi 9 kacal cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar an cutar da su ne ke raye, alhali a cikin sauran kashi 40 na nan da ransu. Ko da aka cire tasirin cututtukan da suke da su tun farko, haɗarin mutuwa ga wanda ake cutarwa ya ninka kusan sau uku. An wallafa wannan sakamako a 1998.

Babu gwajin jini na wannan ciwo

Ranar awo an saba karɓar fitsarinki a tsoma wata 'yar takarda a ciki. Idan ta canza launi, nas ba ta cewa kina da ciwon suga nan take, sai ta tura ki gwajin jini wanda shi ne mai yanke hukunci. Haka yake ga zazzaɓin cizon sauro, akwai madubin da ake duba jini a ga ƙwayar cutar da ido. Wato gwajin farko na tacewa ne, kuma a bayansa akwai na tabbatarwa, wanda da shi ake auna ingancin na farkon.

Matsalar cutar da tsofaffi ita ce ba ta da wannan gwaji na biyu. Abin yana faruwa ne a cikin ɗaki, ba mai gani sai wanda ya yi da wanda aka yi wa, kuma sau da yawa dukansu biyu ba sa son a ji. Wani bincike da aka yi a Jihar Niyok ta Amurka a 2011 ya ƙiyasta cewa duk lamari ɗaya da ya kai ga hukuma, akwai kimanin 24 da ba su kai ba. Abin da ya rage wa likita shi ne tambayar da zai yi, da abin da zai gani a jiki, da shawarar abokan aikinsa. Kowanne cikinsu yana da amfani, kowanne kuma yana kuskure, kuma masana sun auna yawan kuskuren.

Tambayoyi shida da abin da suke kamawa

Sananniyar takardar tambayoyi a wannan fanni ita ce EASI, wadda Dokta Mark Yaffe da abokan aikinsa suka tsara a birnin Montiriyal na Kanada, suka wallafa sakamakon gwajinta a 2008. Ba ta cin fiye da minti biyu. Tambayoyi biyar tsoho ake yi wa, dukansu a kan wata goma sha biyun da suka wuce: ko yana dogara da wani wajen wanka da sa tufafi da abinci da harkar banki, ko an hana shi abinci ko magani ko ganin wanda yake son gani, ko wani ya yi masa maganar da ta kunyata shi ko ta tsorata shi, ko an matsa masa ya sa hannu a takarda ko an taɓa kuɗinsa ba da son ransa ba, ko an ji masa ciwo ko an taɓa shi ta hanyar da ba ya so. Ta shida likita ne ke amsa wa kansa, game da abin da idonsa ya gani.

An gwada ta a kan tsofaffi 953 masu cikakken hankali, aka kwatanta da binciken da ma'aikatan walwalar jama'a suka zauna suka yi a tsanake. Sakamakon shi ne, cikin waɗanda ake cutarwa da gaske takardar ta kama kashi 47 cikin ɗari, cikin waɗanda ba a cutarwa kuma ta wanke kashi 75.

Bari mu mai da wannan lissafin cikin gida. A ɗauka tsofaffi 100 ne suka zo ganin likita, kuma 16 daga cikinsu ana cutar da su, kamar yadda ƙiyasin ɗaya cikin shida ya nuna. Takardar za ta kama 7 ko 8 daga cikin 16 ɗin nan, sauran 8 ko 9 su koma gida ba a gane komai ba. Daga cikin 84 da ke zaune lafiya da iyalansu kuwa, za ta ɗaga shakka a kan 21. Ke nan idan an ware mutum 29 an ce a ƙara dubawa, kusan 8 ne kawai abin ya tabbata a kansu. Waɗanda suka tsara takardar ba su ɓoye wannan ba, shi ya sa ma suka sa mata sunan ma'aunin zato. Aikinta ta nuna wa likita wanda zai ƙara zama da shi, ba ta da hurumin cewa wane ya yi laifi. Wannan rauni na cikin dalilan da suka sa kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya bayyana a 2013, ya sake maimaitawa a 2018, cewa hujjojin da ke hannu ba su isa a ce a riƙa tace kowane tsoho da irin waɗannan tambayoyi ba, ba su kuma isa a ce a daina ba.

To wannan a ƙasar da aka rubuta tambayoyin ke nan, cikin Turanci da Faransanci. Idan aka kawo su Fagge sai wasu matsalolin su ƙaru. Ɗaya daga cikin alamun da aka ce likita ya lura da su ita ce tsoho ya ƙi haɗa ido da shi. A wurinmu tsohuwar da ta sunkuyar da kai gaban likita namiji kunya ce da tarbiyya, wadda ta ƙura masa ido ma ita za a yi wa mamaki. Uwar da ba ta ko faɗin sunan ɗanta na fari saboda kara, da wuya ta buɗe baki ta ce shi ne ya karɓe mata katin fansho. Za ta ce yana ajiye mata ne. Wata kuma ta san sarai abin da ake yi mata, amma tana ganin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ga tsoron in aka kama ɗan ba ta da mai ciyar da ita. Kalmar “haƙuri” kaɗai ta rufe abubuwa da yawa a ɗakin likita.

A Sabon Gari kuma akwai batun harshe. Unguwa ce da ta tara Ibo da Yarbawa da ƙabilu masu yawa fiye da shekara ɗari, kuma tsufa kan mai da mutum ga harshen da ya sha a nono, Hausar kasuwa da Turancin da ya iya su riƙa zille masa. Sai ya zama wanda ya rako shi ne tafinta. Idan mai rakiyar nan shi ne mai cutarwar, to tambayoyi shidan ba su da sauran amfani, domin ta bakinsa tambaya za ta shiga, ta bakinsa amsa za ta fito. Wannan ne dalilin da ya sa likita ko nas kan ce wa ɗan rakiya ya ɗan jira a waje. Ana yi wa kowa haka, har mai kula da tsohonsa tsakani da Allah, kuma wanda ya fita ba musu ya sauƙaƙa wa kansa.

Abin da jiki ke nunawa, da abin da yake ɓoyewa

An fi yarda da ido a kan baki, shi ya sa ake cewa gani ya kori ji. Amma jikin tsoho yana da wuyar karantawa. Fatarsa ta yi laushi, jijiyoyin jininsa sun yi rauni, ɗan bugun ƙofa ko riƙon da aka yi masa don a tashe shi zaune na iya barin kwanciyar jini. Idan yana shan asfirin ko wafarin ko wani maganin tsinka jini, kamar yadda ake ba wasu masu ciwon zuciya da masu shanyewar ɓarin jiki, abin sai ya ƙaru.

A 2005 Dokta Laura Mosqueda da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun riƙa duba jikin tsofaffi 101 kullum, don su ga yadda kwanciyar jinin da ba ta duka ba take kasancewa. Kusan kashi 90 cikin ɗari a hannuwa da ƙafafu suka same ta. Ba su ga ko ɗaya a wuya, ko kunne, ko al'aura, ko ɗuwawu, ko tafin ƙafa ba. Sun kuma rushe wata tsohuwar fahimta da aka daɗe ana koyarwa, cewa launin tabo na nuna kwanakinsa, ja sabo ne, rawaya ya kwana biyu. Tabo 16 sun zama rawaya tun a cikin awa 24 na farko. Saboda haka duk wanda ya kalli tabo ya ce “wannan na ranar Talata ne, ranar da wance ce kaɗai a gida” ya faɗi abin da ilimi bai ba shi ikon faɗa ba.

A 2009 aka duba ɗaya ɓangaren, wato tsofaffi 67 da aka tabbatar an doke su. Tabonsu ya fi girma, da yawa sun kai santimita 5 ko fiye, kuma sun fi fitowa a fuska, da gefen hannun dama, da baya. Wani abin lura shi ne, kusan tara cikin goma na masu tabon sun san abin da ya jawo shi, alhali masu tabon haɗari ƙasa da ɗaya cikin huɗu ne ke tunawa. Amma a cikin 67 ɗin nan, kashi 72 ne aka ga tabo a jikinsu, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu an doke su kuma ba abin da ya nuna. A 2020 Dokta Tony Rosen na birnin Niyok ya kwatanta tsofaffi 78 da kotu ta tabbatar an doke su da wasu 78 da suka faɗi da kansu. Raunin wuya ya bayyana a kashi 15 na waɗanda aka doka, ba a same shi ko sau ɗaya ba a masu faɗuwa. Raunin kuncin hagu kashi 22 ne a ɓangare ɗaya, kashi 3 a ɗayan, kuma ana ganin dalili shi ne yawancin mutane da hannun dama suke kai mari. Masu faɗuwa kuwa sun fi samun karaya da raunin ƙafa.

Waɗannan alamu suna taimakawa ƙwarai, kuma likitan da ya ga rauni a wuya ko kunnen tsoho zai tsaya ya yi tambaya, ko me aka ce masa. Sai dai a tuna cewa a baƙar fata kwanciyar jini ba ta fitowa fili kamar yadda take a jikin Bature. Sau da yawa ba a ganin komai sai an shafa an ji kumburi ko tsohon ya zabura don zafi. An yi gwaji a Amurka da wata fitila mai haske na musamman, aka wallafa a 2020 cewa ta ninka damar ganin tabo kusan sau biyar a kan hasken da aka saba, a fata mai kowane launi, amma ba kayan aiki ba ne da ake samu a kowane ɗakin duba marasa lafiya.

Akwai kuma abubuwan namu na gida da ke kama da cutarwa. Ƙahon wanzami yana barin zagayayyen tabo a baya, tsaga da sakiya suna barin nasu. Lokacin hunturu ana kai wa tsoho kaskon garwashi ɗaki don tausayi, idan kuwa ciwon suga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa zai iya ƙonewa bai ji ba. Rama na iya zama ta hana abinci, tana iya zama ta tarin fuka, ko ciwon daji, ko rashin haƙora, ko ta talaucin da ya shafi kowa a gidan har da mai cikin. Gyambon kwanciya kan fito ko ga wanda ake juyawa a kan kari idan jikinsa ya yi rauni sosai, ko da yake gyambo mai zurfi mai wari wanda aka bari makonni ba a kawo asibiti ba magana ce daban. Duk waɗannan likita ba zai iya rarrabe su da ido kaɗai ba, sai an gaya masa gaskiyar abin da aka yi. Iyalin da suka ɓoye cewa sun kira wanzami, don gudun faɗan likita, sun jawo wa kansu zargin da ya fi faɗan muni.

Cinye dukiya kuwa, wanda ya ninka duka fiye da sau biyu, ba ya barin tabo ko kaɗan. Gidajen da ke kusa da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari sun yi daraja, ana rushe wasu ana mai da su shaguna da wurin ajiyar kaya, kuma tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar ta a irin wannan gida na iya shan matsi ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. Abin da zai iso asibiti shi ne hawan jininta ya ƙi sauka, domin kuɗin magani ya daina fitowa.

Idan gigin tsufa ya shigo

A nan ne aikin ya fi wuya, a nan ne kuma matan gida suka fi shan zargi. Mai ciwon mantuwa kan ɓoye kuɗinta ƙarƙashin katifa ta manta, ta ce surukarta ce ta sace. Takan ci abinci, bayan rabin awa ta gaya wa baƙi cewa tun jiya ba a ba ta komai ba. Wannan alamar ciwo ce sananniya, ba sharri ba ne, ba kuma maita ba ce kamar yadda wasu ke yi wa irin waɗannan tsofaffi ƙazafi. Amma kuma masu wannan ciwo su ne aka fi cutarwa, kuma su ne ba a yarda da maganarsu. Takardar EASI ma ba a kansu aka gwada ta ba. Wani bincike a Kalifoniya a 2010, a kan masu ciwon mantuwa 129 da masu jinyarsu, ya sami cutarwa a kashi 47 cikin ɗari.

Abin mamaki shi ne, hanyar da ta fi ba da sakamako a nan ita ce a tambayi mai jinyar kanta, cikin mutunci. A Ingila, a wani bincike da aka wallafa a 2009, an tambayi 'yan uwa 220 masu jinyar irin waɗannan tsofaffi, sai kashi 52 suka amsa da bakinsu cewa sun taɓa yin wani abu da bai dace ba, galibi tsawa da baƙar magana, uku ne kawai suka ambaci kai hannu. Ana iya fahimta daga nan cewa da yawa daga masu yi gajiyayyu ne da ke jiran wanda zai tambaye su yaya suke. Uwargida, idan cikinki ya kai wata takwas, ga yara, ga girki, ga tsohuwar da ba ta barci da dare, sai kika ji kin fara daka mata tsawa ko kina kulle ta a ɗaki don ki samu ki runtsa, faɗa wa nas ranar awo. Ɗaga babban mutum daga shimfiɗa ba aikin mai tsohon ciki ba ne, ba kuma na mai ɗanyen jego ba. Maigida ma ya sani cewa jinyar mahaifiyarsa nauyi ne a kansa da 'yan uwansa maza da mata, kuma barin ta ga mace ɗaya mai juna biyu shi kansa sakaci ne, ga uwar da matar baki ɗaya.

Taron ƙwararru

Tunda babu gwaji mai yanke hukunci, masu bincike sun aro wata hanya daga fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda Dokta Robert Spitzer ya gabatar a 1983, ana kiran ta LEAD. Sharuɗɗanta uku ne: a bi lamarin na tsawon lokaci maimakon gani ɗaya, ƙwararru daga fannoni daban-daban su zauna tare, a kuma ajiye musu duk bayanan da ake da su. Likitan tsofaffi, da nas, da jami'in walwalar jama'a, wani lokaci da likitan ƙwaƙwalwa, kowa ya karanta fayil ya faɗi ra'ayinsa, sannan a tattauna. Da wannan hanya aka kai ga kashi 47 da muka ambata a binciken Kalifoniya.

Da ita kuma aka auna wata sabuwar hanyar tacewa a sassan gaggawa na wasu asibitocin Amurka, aka wallafa a 2020. Wannan hanya ta haɗa tambayoyi da ɗan gwajin tunani da duba jiki, sannan ta bar wa ma'aikacin hukuncin ƙarshe. An tace tsofaffi 916, aka ɗaga shakka a kan 33. Taron ƙwararru ya duba waɗannan 33 tare da wasu 92 da aka tsamo daga waɗanda aka wanke. Ya sami cutarwa a mutum 17, kuma 16 daga cikinsu tacewar ta riga ta kama su. Wannan ci gaba ne babba idan aka kwatanta da kashi 47 na EASI. Duk da haka, cikin 33 da aka yi shakka a kansu, kusan rabi taron bai ga laifin kowa ba.

Shi ma taron ƙwararrun mutane ne. Suna iya saɓa wa juna a kan fayil ɗaya, musamman a batun sakaci, inda iyaka tsakanin rashin kulawa da rashin hali ba ta fito sosai ba. Ƙarami na iya bin ra'ayin babba don girmamawa. Mafi muhimmanci, ba su da abin dubawa sai abin da aka rubuta, idan bayanin da ya shigo gurgu ne hukuncin ma haka zai fito. A ganinmu wannan ne babban gibin da ke gabanmu a Kano. Tsoho ɗaya yana da kati a asibitin gwamnati, yana da wani a asibitin kuɗi a Sabon Gari, yana karɓar allura a kyamis na bakin layi, yau babban ɗa ne ya kawo shi, wata mai zuwa jika. Karaya uku cikin shekara ɗaya abin tsayawa a duba ne, amma idan an kai kowacce wuri daban, ɗaya ma wurin mai ɗori, babu likitan da zai san uku ne. Likitocin da suka ƙware kan tsofaffi kuma ba su da yawa a ƙasar nan. Cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi a Nijeriya sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan, hukumar tarayya mai kula da al'amuran dattawa kuma a 2021 ta fara aiki.

Abin da ke hannun iyali

Idan aka dubi sharuɗɗan nan uku da kyau, ƙwarewa ce kawai ke hannun asibiti. Tsawon lokaci da cikakken bayani a gida suke. Matar da ke wuni da tsohuwa ta san ranar da ta fara ƙin abinci, ta san wanda in ya shigo tsohuwar kan yi tsit, ta san ko maganin da aka rubuta an saya ko ba a saya ba. Maƙwabta a gidan haya na Sabon Gari sun san dattijon da 'ya'yansa suka koma Legas ko ƙasar waje, sun san ko kuɗin da ake turowa yana isa gare shi. Babu takardar tambayoyi da za ta kai wannan sani.

Saboda haka a riƙe asibiti ɗaya da kati ɗaya gwargwadon hali. Ranar ganin likita a zuba duk magungunan da tsoho ke sha a leda ɗaya a zo da su, har da na gargajiya da na kyamis. Idan ya faɗi a rubuta ranar da wurin da yadda aka yi, ko a bayan katin ne, a kuma kawo shi da wuri, domin jinkirin kawo mai rauni na cikin abubuwan da ke sa likita shakka. Wanda ya fi sanin halin da tsohon ke ciki shi ya kamata ya rako shi, in kuma ba zai samu zuwa ba a bar lambar da za a kira shi. Idan harshe ne matsala, a nemi asibiti ta samo tafinta daga cikin ma'aikata.

Idan likita ya ce yana son jami'in walwalar jama'a ya gana da iyali, ku tuna lissafin da muka yi a baya, yawancin waɗanda ake ƙara dubawa ba a samun kowa da laifi, kuma ganawar kan ƙare ne da shawarar yadda za a raba jinya da yadda za a sami magani. Haka nan idan an duba an ce ba a ga komai ba, alhali ke kin ga abin da kika gani, kada ki ɗauka magana ta ƙare. Kina iya neman ganin nas ko jami'in walwala ke kaɗai, ki kuma gaya musu tun farko idan kina tsoron abin da zai biyo baya a gidan aurenki, don su san yadda za su bi da lamarin ba tare da sun ambace ki ba. Tsoho mai cikakken hankali shi ke da ikon cewa ga abin da yake so a yi, ba a ɗaukar mataki a bayan idonsa sai in rayuwarsa na cikin haɗari. Rikicin gida ko na gado ana iya farawa da manyan dangi, ko mai unguwa, ko limami, ko fasto. Amma rauni a wuya ko kai, ko alamar ɗauri a wuyan hannu, ko tsohon da ya kwana biyu bai ci bai sha ba, ko ya rikice farat ɗaya, wannan sashen gaggawa za a nufa da shi a ranar, a yi zaman sulhun daga baya.